Wace bindigar iska ce ta dace da tsuntsayen da suka addabi gidanka?

Ina kiwon kaji masu ƙwai a bayan gidana, can gefen Naraguta a Jos, kuma da kaina nake haɗa musu abinci: masara, waken soya da dusa. Duk ranar da aka baza masara a kan tamfol, hasbiya ce ke fara sauka, kurciyoyi su biyo bayanta. Hankaka bai cika damuwa da hatsi ba, shi ƙwai yake dako da 'yan tsaki. Abin da suke ci ma bai dame ni ba kamar kashin da suke zubawa a mazubin abinci da na ruwa. Tun 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya, shawarar likitocin dabbobi, har da na cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, ba ta canza ba: kada tsuntsun waje ya haɗa kwano da kazarka.

Shi ya sa abokan kiwo kan tare ni da maganar bindigar iska, kuma kusan kullum tambayar ɗaya ce: "Malam, wacce ta fi ƙarfi?" Ni kuwa amsata ba ta yi musu daɗi. A cikin gida, wadda ta fi ƙarfi ita ce za ta fi jawo maka magana. Abin nema shi ne mai matsakaicin ƙarfi, mai saiti, wadda ba ta da ƙara, kuma wadda kake da takardar riƙe ta.

Bari in fara da takardar, domin mutane da yawa na ɗaukar bindigar iska kayan wasan yara. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta jera bindigar iska, doguwa da gajera, a rukuni ɗaya da bindigar farauta, wato makaman da mutum ba zai mallaka ba sai da lasisi daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Wanda bai kai shekara 17 ba ba a ba shi. Shigo da ita daga waje ma da nasa izinin, don haka kada ka sa ƙaninka da ke Ingila ko Turkiyya ya cusa maka ita cikin akwati, ka jefa bawan Allah cikin rigima a filin jirgi. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisin ƙananan makamai. Saboda haka kafin ka taya ko da ƙwayar harsashi ɗaya, ka tafi hedikwatar 'yan sandan jiha da ƙafarka, ka tambayi inda maganar ta kwana. In aka ce ba a bayarwa yanzu, to maganar bindiga ta ƙare, kuɗin su tafi wajen sayen raga. Nawa lasisin tsoho ne, sabunta shi nake yi, kuma takardar na ajiye a inda hannuna zai kai gare ta ko da tsakar dare.

Mu a Jos akwai ƙarin dalili. Garin nan tun rikicin 2001 ba ya wasa da ganin bindiga. Jami'in da ke shingen bincike ba zai tsaya tantance ta iska ce ko ta albarushi ba kafin ya sauke ka daga mota, maƙwabcin da ya hango baƙin ƙarfe ta saman katanga da magariba kuwa, kafin isha labari ya zagaya unguwa, kuma ba yadda ya faru za a ba da shi ba. Don haka in kana zaɓe, ɗauki mai ƙotar katako, wadda kowa ya gani zai ce ta harbin tsuntsu ce. Baƙaƙen nan na roba da aka ƙera su yi kama da na sojoji, ka bar wa mai shago kayansa. Ka sanar da mai unguwa da maƙwabtan da kuka haɗa katanga, ka nuna musu ita da takardarta. Sannan ta zauna a gida, ba abin yawo da ita ba ne.

Sai ka zauna ka tantance wane tsuntsu ne ainihin ɓarawon. In jan-baki ne ko kabare suka yi wa accarka ko gero rubdugu, bindiga ba ta da amfani: ka kayar da ɗaya, ɗari na ci. Maganinsu raga da kora. In shirwa ce ke sure maka 'yan tsaki, ita ma ba ta zama a harbe ta, sura take ta wuce, kuma harbin tsuntsu a sama da bindigar iska jefa dalma ne cikin gidan mutane. Rufa wa tsakin raga a sama ka huta. Waɗanda bindigar iska ke yi wa aiki su ne masu sauka su zauna: hasbiya, kurciya, hankaka, sai ɓera da gafiya in suna fitowa fili. Malamai sun karantar da mu cewa hankaka na cikin halittu biyar masu cutarwa da hadisi ya halatta kashewa, sun kuma karantar da mu cewa wanda ya kashe ɗan tsuntsu don wasa za a tambaye shi. Duka biyun nake riƙe da su.

Kuma don Allah a bambance hasbiya da tattabarar maƙwabci. Hasbiya na da jan da'ira kewaye da ido da ɗigo-ɗigon fari a fiffike. Tattabarar da ta sauko maka launi-launi, ba ta ko tsoron mutum, dukiyar wani yaro ce a layinku, kuma na ga zumuncin shekaru ya lalace a kan tattabara guda. Je ka yi wa uban yaron magana. Angulu, mujiya da balbela ba su cikin lissafi ko kaɗan. Mujiya ɓeraye take rage maka, angulu kuwa tun 2015 aka sa ta a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Su kuma ƙananan jajayen nan masu tsince-tsince a tsakar gida, ba sa ɓarnar da ta kai kuɗin harsashi. A cikin danginsu ma akwai wani na kan duwatsu da masana ba su san da shi ba sai 1998, a nan Filato aka gano shi, kuma har yau masu bincike na cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke Laminga suna bibiyarsa a dajin Amurum.

Yanzu fita tsakar gida ka auna. Daga inda za ka zauna zuwa inda tsuntsayen ke sauka taku nawa ne? A yawancin gidajenmu bai wuce mita 10 zuwa 20 ba. Sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci: in ka kuskure, ina dalmar za ta faɗa? Harsashin bindigar iska da aka ɗaga hancinta sama yana iya tafiyar sama da mita 300. Yana huda kwanon rufi, yana fasa gilashin taga da farantin sola, yana huda tankin ruwa na roba, ido kuwa ba a magana. Ƙasar Jos ta ƙara wani abu, duwatsu. Dalma in ta bugi fa ko dutse a karkace ba ta tsayawa, tsalle take ta canza hanya, kana jin fitonta tana wucewa. Daɓen siminti ma haka yake yi. Saboda haka tsuntsun da ke kan katanga, kan rufi, kan wayar wuta ko reshen mangwaro ya tsira, komai haushin da ya ba ka. Abin da nake yi shi ne na jera buhunan yashi a gindin katangar baya, na zuba 'yar masara a gabansu a kan ƙasa mai laushi, ni kuma in zauna a kujera daga ƙofar sito, hancin bindiga na kallon ƙasa-ƙasa. Tsuntsun ne zai zo inda na shirya masa. In gidanka a cikin Anguwan Rogo yake, ko Gangare, ko Rikkos, inda katanga ke jingine da katanga kuma yara na ɓullowa ta kowane lungu, gaskiya ba ka da wurin harbi, kuma babu irin bindigar da za ta gyara wannan.

In ka tsallake waɗannan, sai a zo ga irin bindigar. Mafi yawan waɗanda za ka gani masu sifirin ne: ka karya hancin ya danne sifirin, ka saka dalma ɗaya, ka mayar. Ba ta neman gas, ba ta neman famfo, kuma in an kula da ita tana kaiwa ga jikoki. Akwai 'yar'uwarta da aka sa wa tulun gas a madadin sifirin, ta fi laushin harbi, amma ranar da gas ɗin ya tsiyaye sai an nemo sabo daga waje, alhali sifirin ana iya canza shi. Akwai masu 'yar tukunyar CO2 mai giram 12. Waɗannan ban ba mutumin Jos shawararsu ba, domin ƙarfinsu da zafin gari yake tafiya. A Disamba da Janairu, da asuba sanyinmu kan sauka kusan digiri 10, lokacin da tsuntsaye ke sauka ke nan, sai ka ga dalma na faɗuwa ƙasa da inda ka saita jiya da rana. Ga shi kuma tukunyar kullum saye ake. Sai manyan, waɗanda ake kira PCP, da ake ɗura wa iska har ma'aunin matsinta (bar) ya kai wajen 200. Ba su da girgiza, saitinsu ya fi na kowa, wasu na ɗaukar harsashi goma a jere. Amma ga tsada, ga famfo na musamman da za ka yi ta bugawa har gumi ya karyo, ga zoben roba da in ɗaya ya saki sai iska ta zube cikin dare. A ƙasashen da ake yawan amfani da su, shagunan masu nutso a teku ne ke cika musu tukwane, mu kuwa a kan tsauni muke. In har ka saye ta, kada ka yarda wani mai walda ya ce zai cika maka da iskar oksijin, fashewa take yi. Ga mai kiwo irina, mai sifirin ta wadatar.

Faɗin harsashi iri biyu ne aka fi samu: .177, wato milimita 4.5, da .22, wato milimita 5.5. Ƙaramin nauyinsa kusan rabin giram ne, ya fi gudu, tafiyarsa ta fi miƙewa, don haka ko ka yi kuskuren ƙiyasin nisa kaɗan zai yafe maka. Babban ya kusa giram ɗaya, yana tafiya a hankali yana lanƙwasa ƙasa, amma ya fi dukan jiki, kuma bai cika ratsa tsuntsu ya wuce ba. Masu harbi sun daɗe suna musu a kan wanne ya fi, musun da ba zai ƙare ba. A nisan mita 15 duka biyun suna kayar da hasbiya in an same ta a inda ya dace. Ni abin da nake cewa, duba wanda harsashinsa mai kyau ke samuwa a wajen dilan da ke da izinin sayarwa, ka bi wannan. Bindigar da ba ka da abincinta sanda ce kawai.

Maganar ƙarfi ita ce inda 'yan kasuwa ke cin mutane. Za ka ga kwali an rubuta 1,200 ko fiye da manyan baƙaƙe, wato ƙafa 1,200 a daƙiƙa. Da wani harsashi mara nauyi wanda ba dalma ba ake samun wannan lambar, kuma ko an same ta ba alheri ba ce. Gudun sauti wajen mita 340 ne a daƙiƙa, kimanin ƙafa 1,100. Harsashin bindigar iska in ya kusanci wannan gudun sai ya fara rawa a hanya, saiti ya watse, in ya zarce shi kuma sai ka ji "tas!" kamar ta gaske, ƙarar da ba wanda ke son ji a unguwa a garin nan. A Ingila iyakar da doka ta yarda mutum ya riƙe ba tare da takardar manyan bindigogi ba ita ce kusan jul 16 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin dukan harsashi), kuma da wannan ƙarfin manomansu ke maganin zomaye da tattabarun daji a nisan mita 30. A Jamus iyakar jul 7.5 ce. Jul 16 na nufin gudun kusan ƙafa 800 a .177, ko kusan 600 a .22. Ga tsakar gida, tsakanin jul 10 da 16 ya isa har ya yi yawa. Masu ƙarfin da ya ninka haka suna da wuyar karyawa, suna da nauyi, suna zabura a kafaɗa, kuma sabon hannu ba ya iya samun komai da su.

A kamfanoni, Weihrauch da Diana na Jamus su ne aka fi yabo a masu sifirin. HW50 ko Diana 34 in ka dace da su, ka gama sayen bindiga. HW30 ƙarama ce mai laushi, ƙarfinta bai kai na waɗancan ba, ta dace da kurciya da ɓera a kusa, amma ban so a kai ta ga hankaka. BSA ta Ingila ma tsohon suna ce. Gamo ta Sifen da Hatsan ta Turkiyya sun fi sauƙin kuɗi, sai dai yawancin nasu masu ƙarfi ne fiye da kima, sai ka zaɓa da lura. Na Sin masu araha kuwa sa'a ce: wata ta yi, wata kunamarta ta yi tauri har sai hannunka ya karkace kafin ta tashi. Kunama abin dubawa ce sosai. In sai ka yi kokawa da ita, ba za ka taɓa yin saiti ba.

Harsashi na dalma mai zagayayyen kai shi ne na aiki. Masu tsini suna da ban sha'awa a ido, amma ba su cika tafiya daidai ba. JSB, H&N da RWS sunaye ne da ba sa ba da kunya. Kowace bindiga da wanda take so, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su, don haka gwada iri biyu ko uku kafin ka sayi gwangwani da yawa. 'Yan ƙwallayen ƙarfen nan masu kama da boris ba su da wuri a tsakar gida, da sun taɓa abu mai tauri suke dawowa kan mai harbi.

Madubin saiti ba dole ba ne a mita 10 zuwa 15 in idonka na gani, saitin ƙarfen da ta zo da shi ya isa. In shekaru sun fara ja kamar nawa, madubi 4x32, wato mai ƙara girman abu sau huɗu, ya wadatar. Amma ka tabbata an yi shi ne don bindigar sifirin, domin ita girgizarta gaba da baya ce, tana kashe madubin da aka yi wa bindigar harsashi. Kuma ka sani a kusa sosai, kamar mita 5 zuwa 8, dalma na faɗawa ƙasa da tsakiyar madubi, saboda madubin na sama da hancin.

Kafin ka nuna ta ga abu mai rai, takarda za ka yi ta harbi. Zana da'ira daidai girman murfin kwalbar lemo, ka manna a jikin buhun yashi a nisan da ka auna. Sai ranar da kake zuba biyar a jere cikin da'irar nan, daga zaune, ba tare da ɗaya ta fita ba, sannan ka cancanci harbin tsuntsu, kuma iyakarka wannan nisan. Wurin da ke kashe hasbiya nan take, kai ko saman ƙirji, bai fi wannan girman ba. Abin da ya kauce masa karya fiffike ne, tsuntsu ya je ya mutu a silin ɗin wani. Mai sifirin ba ta son a matse ta: ɗora gabanta a tafin hannu a buɗe, ka jingina ta a kafaɗa sama-sama, ka bar ta ta yi motsinta, kuma kullum riƙo iri ɗaya. Kada ka ɗora ta kai tsaye a kan bulo ko taga, sa hannunka a tsakani. In a Legas ko wani gari na ƙasa-ƙasa aka saita ta, sake saitawa a nan. Jos na sama da teku da kusan mita 1,200, iskarmu ta fi sirantaka, mai sifirin kan rage ƙarfi kaɗan. Ranar da hunturu ke kaɗawa da ƙarfi kuma, ajiye ta, iska na ɗauke dalma gefe fiye da yadda kake zato.

In ta hannu za ka saya, daga mai takarda, kuma a bi ƙa'idar sauya suna wajen 'yan sanda. Karya ta ka saurara: gurnani ko ƙarar gogayya alamar sifirin ya karye ne. Mayar da hancin ka girgiza shi, in yana motsi gefe da gefe ka bar ta. Duba zoben robar da ke bakin inda ake saka harsashi, ka leƙa cikin hancin ta wajen haske ka ga ko tsatsa ta cinye zanen ciki. Damina a Jos doguwa ce, ƙarfen da aka jingine a sito ba shafa mai ba ya daɗewa.

Abu uku ke kashe mai sifirin da wuri. Harba ta babu harsashi a ciki, barin ta a ɗane na sa'o'i, da ɗiga mata baƙin mai ko man keken ɗinki a ramin iska. Wannan na ƙarshen yaran gida ke yi don su ji ƙara su ga hayaƙi, man ne ke kamawa da wuta a ciki yana ƙone robar. Mai a jikin ƙarfe na waje kawai, da ɗan tsumma. Lokacin saka harsashi kuma hannu ɗaya ya riƙe hancin gam, yatsa nesa da kunama, domin in ya kuɓuce ya koma da ƙarfi, yatsa yake datsewa. Bayan an gama a wanke hannu kafin a taɓa abinci, dalma guba ce, kuma kada a bar waɗanda suka zube inda kaji za su tsince. Bindiga a kulle a akwati, harsashi a wani wurin daban, makulli a aljihunka, ba a saman firji ba.

Hasbiya da kurciya nama ne. Ka yi bisimilla kafin harbi, in ka tarar da sauran rai ka yanka, ka cire dalmar kafin a kai tukunya. Amma in ana maganar murar tsuntsaye a gari, ko ka ga tsuntsun da ma a sanyaye yake, kada ka ci, kada ka taɓa da hannu tsirara: sa leda ka ɗauka, ka binne da zurfi nesa da kejin kaji. Hankaka kuwa kada ka sa ran za ka kayar da su da yawa. Da ɗaya ya faɗi sauran sun gane ka, sun gane ƙofar da kake fitowa, sai su riƙa zuwa lokacin da ka tafi masallaci. Kwashe ƙwai sau biyu a rana da toshe ramukan ragar keji da waya su suka fi rage mini su.